Tabar Lofen Kaka

Tarin kakana ya fi ƙahon babbar mota ƙara. In ya fara shi da safe, kajinmu watsewa suke yi, akuyar maƙwabta ta saki abin da ta sato, Mama kuwa ta dafe murfin tukunya kada ya yi tsalle. Na taɓa rantse wa 'yan ajinmu cewa mutanen Gidigir da tarinsa suke gane gari ya waye a Gure. Ba su yarda ba, amma ai ba su taɓa kwana a gidanmu ba.

Kaka mahaifin Baba ne. Shofar ne a da, ya daɗe yana jan kamiyo, babbar motar kaya, cikin rairayi zuwa Bilma da Dirku, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Daga duk wannan yawo bai ajiye komai ba sai labarai da lofe guda ɗaya. Ga wanda bai taɓa ganin lofe ba, 'yar tukunya ce ta itace kamar rabin ƙwai, da dogon bututu da ake sakawa a baki. A zuba ganyen taba a tukunyar, a kunna, a riƙa zuƙa. Na Kaka ya yi baƙi wuluk don tsufa, kuma wuyansa ya taɓa karyewa, wani maƙeri ya ɗaure shi da zoben tagulla. A unguwarmu tsofaffi masu taba taunawa suke yi da kanwa, samari kuma sigari. Kaka kaɗai ke da lofe, yana kuwa ji da shi kamar mai jirgin sama.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Sauran mutanen gida su ce Iya. Wannan suna ya yi mini rana ba kaɗan ba. Ni kaɗai ce ke iya tsayawa a kansa, in riƙe ƙugu in ce, "Kai tsoho, wa ya ce ka zauna cikin rana ba hula?" shi kuma ya ce, "Na tuba, Uwata." Baba kuwa ɗan fari ne, kunya ce tsakaninsu mai kauri kamar katanga. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Kaka ya ambaci sunansa ba, sai dai "mutumin nan". Ban kuma taɓa ganinsu a tabarma ɗaya ba. In Baba zai gaishe shi, daga nesa yake durƙusawa, ya gaida ƙasa, ƙasa ta isar da saƙo. Baban da yake mushe a lakwal, wato malamin makaranta, wanda yara ke jin takunsa su haɗiye dariya, a gaban Kaka sai ya koma ɗan tsako.

A farkon hutun bara tarin ya canja, ya daina ba mu dariya. Sai ya riƙe Kaka har idanunsa su kaɗa, ya riƙa neman numfashi da hannu kamar mai laluben abu a duhu. Aka kai shi asibiti wajen majo mai duba marasa lafiya, ni ce mai riƙe masa sanda. Majon saurayi ne da aka turo daga yamma, Hausarsa da gishirin Zabarmanci. Ya daɗe yana sauraron ƙirjin Kaka, sannan ya ce, "Baba, ƙirjinka ya zama ɗakin girki marar taga. In ba ka bar taba ba, ni da kai kullum za mu riƙa haɗuwa, kuma ba hira za mu yi ba."

Kaka ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro."

Ba mu kai bakin hanya ba ya ciro lofe.

Da yammacin ranar Baba ya kira ni bayan zaure, yana waige-waige kamar zai sayar mini da kayan sata. Ya ce majo ya faɗa masa komai.

"Iya, ke ce uwarsa. Ki raba shi da lofen nan."

"Ni, Baba?"

"Ke kaɗai yake jin maganarki. Ni in na buɗe baki a kan wannan, da wane ido zan ƙara kallon mutane?"

Na karɓi aiki ina hura hanci. Washegari da hantsi sai Kaka ya yafito ni daga gindin bishiyar dogon yaro inda yake zama.

"Uwata, gwiwar nan ta hana ni kasuwa, taba kuma ta kusa ƙarewa. Duk gidan nan ke kaɗai ke da hanci. Sauran ado kawai suka ɗora a fuska."

Na karɓi wannan aikin ma. Na ce wa kaina dole mutum ya san abin da zai yaƙa kafin ya yaƙe shi. Gaskiyar magana kuwa, ranar kasuwa ranar wanke-wanke ce a gidanmu, kuma a kasuwa akwai rake da dabinon kwari.

Kaka bai yarda ya tura ni haka kawai ba. Ya sa na kawo faifai, ya baje sauran ganyen da ya rage masa, ya gyara zama irin na malami.

"Taba iri uku ce a kasuwa. Akwai ta taunawa, wadda ake haɗawa da kanwa. Akwai gari, na masu shaƙawa a hanci. Akwai ganye zalla, shi ne namu. In kika kawo mini mai kanwa na sa mata wuta, sai dai ki je Bune ki tsinto haƙorana."

"Guda nawa suka rage, tsoho? Don in san ko in tafi da kwando."

"Ja'ira. Buɗe ido ki gani."

Ya ce a fara da launi. Ganyen da ke da sauran kore bai gama bushewa yadda ya kamata ba, yana sa jiri, mutum ya ga katanga tana rawa. Wanda ya yi baƙi ƙirin da fari-fari a jikinsa ya yi fumfuna, ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode. Wanda ake nema shi ne mai launin dabino, ja-ja mai duhu, launi ɗaya tun daga kai har gindi.

Sai hannu. Ya damƙi ganye ɗaya ya kai kusa da kunnensa ya matse.

"Saurara. In ya yi ƙaras-ƙaras ya zama gari, rana ta cinye shi. Zai ci wuta kamar ciyawa, ya ƙona harshe. In kuma kika buɗe hannu ya zauna a dunƙule kamar fura, mai shi ya yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. Na kirki shi ne wanda in kin sake shi zai buɗe a hankali, kamar ke in an tashe ki sallar asuba."

"To ashe sai azahar zai buɗe."

Na ƙarshe hanci. Ya ce taba mai kyau tana ƙanshin dabino da sabuwar harawa. Wadda ta doki hanci kamar garken awaki da damina, ba a kula da ita ba, a bar ta. Ya miƙo mini in shinshina. Na zura hanci da ƙarfina, na yi wata atishawa da ta kwashe rabin darasin daga kan faifai. Muka bi ganye muna tsinta a ƙasa, yana zagina ina zaginsa.

Ranar kasuwa na tafi da jakar fatarsa a ƙarƙashin hijabi. Masu taba suna can gefe, bayan masu kanwa da masu goro, layin tsofaffi zalla. Da na tsaya, hira ta mutu. Yarinya 'yar koleji a layin taba, kai ka ce raƙumi ne ya shigo aji. Wani tsoho Bamange mai ƙaton rawani ya ce, "'Yata, masu lalle suna can gaba."

"Ganye nake so, Baba. Na lofe."

Ya ɗauko damin da ke sama ya miƙo mini, yana ƙifta wa na kusa da shi ido. Na duba launi, ba laifi. Na zari ganye ɗaya, na kai kunne, na matse. Na buɗe hannu, ya zauna a dunƙule, ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Baba, wannan ai ya yi wanka yau da safe."

Layin ya fashe da dariya, har wani ya tofar da tabar bakinsa ba shiri. Mai rawani ya riƙe haɓa yana kallona.

"Duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani da ke sauraron taba da kunne. Ke jikar mai lofe ce. Ina shofar ɗin? Yana nan da rai?"

"Yana nan, gwiwa ce."

Ya ɗaga gefen tabarmarsa ya jawo wani ɗan buhu. Ganyen ciki ya buɗe a hannuna a hankali, ga ƙanshin dabino. Na yi atishawa, tsofaffin suka haɗa baki suka yi mini addu'a. Ya ce in gaida shofar, in faɗa masa har yanzu bai manta da ranar da ya bar shi a hanyar Alakos da buhunan kanwa ba, wai mota ta cika. Na dawo gida ina shan rake, ina jin kaina wata babbar 'yar kasuwa.

Kaka ya duba, ya matsa, ya saurara, ya shinshina. Sannan ya ce, "Uwata ta haifu." A bakinsa wannan daidai yake da a ba ka lambar yabo a gaban gwamna.

Daga nan ya koya mini sauran aikin. A zare jijiyar tsakiyar ganye, don ita ke kawo ɗaci. A naɗe ganyen a yanka siriri-siriri da wuƙa a kan katako. A zuba a jakar fata tare da rabin dabino, a ajiye a gindin randa kan yashi mai laima, in ba haka ba zafin Gure zai mai da shi gari kafin Juma'a. Cika lofen ma da tsarinsa. Na farko a barbaɗa kamar mai ba kaji tsaba, kada a danna. Na biyu a ɗan taɓa. Na sama a danna da babban yatsa kamar mai duba ko mangwaro ya nuna. In an danna da yawa hayaƙi ba zai wuce ba, mutum ya yi ta ja har kunnuwansa su haɗu. In an bar shi sakwa-sakwa, ya ƙone nan take. Wutar farko ta gaisuwa ce kawai, taba ta kumbura, a kwantar da ita da kan wani tsohon ƙusa da Kaka ya ce daga jikin kamiyonsa ya fito, sannan a sake kunnawa. Kuma ba a gaggawa. In tukunyar ta yi zafin da ba za a iya riƙe ta ba, mai shan ne ke da laifi.

Doka ɗaya ya kafa mini, kuma ranar bai yi murmushi ba.

"Ki zaɓa, ki yanka, ki cika. Amma ran da na ga wannan ko sigari a bakinki, uwa ko ba uwa ba, sai na karya sandar nan a bayanki. Ni wani ne ya miƙo mini ina ɗan aparanti, yaron mota, na ɗauka girma ne."

Bai ma buƙaci ya wahalar da sandarsa ba. Ranar da ya ba ni gashin zabo in goge cikin bututun, abin da ya fito baƙi ne mai danƙo, yana warin taya da ta ƙone. Na kai masa har gaban hanci.

"Tsoho, ka ga abin da ke ƙirjinka?"

"Shi ya sa na ce ki goge da kyau."

A nan na tuna ina da wani aikin. Na fara yaƙi. Na yi faɗa irin na uwa, ya ce ya tuba, ya kunna. Na yi fushi na daina yi masa magana, ya ce kunnensa ya samu hutu. Na kwaikwayi majo da muryarsa da komai, ya yi dariya har tari ya kama shi. Sai na ɓoye lofen a cikin turmi, na kife ƙwarya a kai.

Na zaci zai ta da gidan da ihu. Bai yi ba. Ya zauna gindin dogon yaro shiru, hannunsa na zuwa aljihu yana dawowa. Aka kai masa fura, ya ce a ajiye. Da rana ta karkata na je na zauna kusa da shi, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An karɓe mota. An karɓe gishiri a miya. An karɓe sukari a shayi. Abokan tafiyata duk sun riga ni. Uwata, shi ma kin karɓe?" Na tashi na je na buɗe turmi.

Baba dai kullum in ya dawo sai ya ɗaga mini gira daga nesa, ni kuma in ɗaga masa babban yatsa, wai aiki na tafiya. Wata rana ya tare ni a bakin randa.

"Iya, tun da kika karɓi aikin nan hayaƙin ƙaruwa ya yi. Jiya na zaci gobara ce."

Gaskiyarsa. Na ƙware wajen zaɓe har Kaka ya ce rabonsa da taba mai daɗi haka tun yana da gashi. Tarin kuma yana nan, wani lokacin har sai ya dafa bango.

Mama ce ta kawo dabara. Ta ce a riƙa gauraya masa busasshen ganyen lalo, ɗan kaɗan yau, a ƙara kaɗan gobe, har wata rana ya wayi gari yana shan ganyen miya bai sani ba. Ta ce ɗan kaɗan, har ta nuna mini da yatsu biyu. Ni kuwa ba na son aiki mai jan lokaci. Na ɗebi cikin hannu, na ɗan soya a kasko don ya yi ja, na gauraya. Abin da ban lura ba shi ne lalon ya daɗe a kwano ɗaya da daddawa.

Bayan la'asar na cika lofe da hannuna, na miƙa masa da ladabin da ya kamata ya sa shi zargi. Ya kunna, ya danna da ƙusa, ya sake kunnawa. Ya zuƙa. Ya dubi sama. Ya sake zuƙa. Wani irin wari ya tashi, ƙudaje suka bar unguwa. Ya cire lofen daga baki ya dube ni.

"Uwata, ina tuwon?"

"Wane tuwo?"

"Miya ta iso. Tuwo nake jira."

Mama ta saki muciya ta shige ɗaki, ina jin tana dariya cikin zane. Ni na tsaya ina nazarin yatsun ƙafata. Kaka ya zazzage lofen a ƙasa, ya ce, "Turmi da faɗa da miya, duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wa ya aiko ki?"

Na ci gaba da nazarin yatsun ƙafata. Amma akwai zana tsakanin gindin dogon yaro da inda Baba ke ajiye moto, wato babur ɗinsa, kuma daga bayan zanan, inda aka daɗe ana jin ƙarar ƙarfe, sai aka ji shiru.

Kaka ya ɗaga murya. "Je ki ce wa mutumin nan, ina shan taba tun bai san hannunsa na dama ba."

Na taka zuwa bakin zana, wurin da ko akuya za ta tsallaka. "Baba, ya ce wai kai yaro ne ƙarami, ba ka san komai ba."

"Na ji abin da ya ce, Iya. Ba haka ya ce ba." Ya yi gyaran murya. "Ki ce masa, Allah ya ba shi haƙuri, majo ne ya ce..."

Na juya. "Tsoho, ya ce majo zai zo da jandarmomi."

"Ƙarya kike, ina da kunne. Ki ce masa majo na ji nasa. Ba ɗan mutane nake tambaya ba. Shi me ya ce?"

Ban ma kai saƙon ba. Na leƙa bayan zana, na ga Baba a tsugune, yana juya wani ƙarfe a hannu kamar yau ya fara ganinsa. Da ya yi magana, muryar ba ta mushe ba ce.

"Ki ce masa, in ya fara tarin nan, abinci ba ya wuce mini. Ki ce masa ina so ya ga abin da za ki zama. Ki ce masa ban shirya zama babba a gidan nan ba."

Wannan ban ƙara masa gishiri ba, ban ma maimaita ba. Na tsaya a tsakiya kamar turken akuya. Kaka ya riƙa shafa zoben tagullar da yatsa. Can ya ja hanci, ya ce hayaƙin miya ne ya shiga masa ido.

"Ki ce masa bari ɗungum ba zan iya ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma zan rage. Sau uku a yini."

Nan na farfaɗo, don ciniki fagena ne. "Baba, an taya uku."

"Ki ce masa, don Allah, ko ɗaya."

"Albarka!" in ji Kaka. "Biyu."

"Baba, ka motsa mana, mai kaya ya sauko."

Baba ya ce a hankali, "Ɗaya. Bayan la'asar."

Kaka ya yi tsaki mai tsawo kamar ana yage zane. Ya ce an cuce shi, an haɗa kai da uwarsa an ci amanarsa, a gidan da ya gina da kuɗin ƙurar Bilma. Sannan ya ce ya sallama, amma da sharaɗi biyu. Na farko, taba ta zama taba, miya ta koma tukunya.

"Na biyu, ki ce masa ni na san halina. In almeti na aljihuna, zan ƙyasta in kunna lofe. Kwalin ya zauna wurinsa. In an yi la'asar ya kawo mini."

"Baba, ya ce in riƙa karɓowa..."

"Ban ce ke ba. Ba aike. Shi da ƙafarsa."

Na sake leƙawa. Wallahi da za a ce wa Baba ya tafi Damagaram a ƙasa ba takalmi, da ya fi masa sauƙi. Amma ya ce, "Ki ce masa to."

Ranar farko abin kallo ne. Baba ya dawo daga masallaci, ya tsuguna can nesa, ya miƙa hannu iya tsawonsa ya ajiye kwalin a bakin tabarma, yana kallon wani wuri dabam kamar kwalin ne ya kawo kansa. Ya yunƙura zai tashi, Kaka ya ce mini, "Uwata, ki faɗa wa mai almeti lofe ba ya kamawa da wuta ɗaya." Baba ya koma ya tsuguna. Aka kunna, aka danna, aka sake kunnawa. Ya sake yunƙurawa. "Kuma yakan mutu a tsakiya." Haka Baba ya zauna har kiran magariba, ƙafafunsa suka yi tsami, ya tashi yana tafiya kamar shi ne mai ciwon gwiwa.

Tunda lofe ɗaya ne, Kaka ya koyi jan sa. Zuƙa ɗaya, labari ɗaya. Ni yake ba labarin, da sunana yake farawa, amma ban taɓa jin ya ɗaga murya haka don ni ba. Yadda suka kwana uku a rairayi da tayar da ta fashe, yadda wani fasinja ya ɓoye ɗan akuya cikin riga don kada a caje shi. Sau da yawa lofen yakan mutu a hannunsa bai lura ba, sai an kira salla ya ga rabin tabar ko ƙonewa ba ta yi ba. Bayan 'yan makonni Baba ya fara zuwa da 'yar kujera. Daga baya kujerar ta daina komawa ɗaki.

Tarin bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ya daina riƙe shi har ya dafa bango, kuma da muka koma, majo ya saurara ya ce an buɗe ƙaramar taga, saura ƙofa. Kaka ya sa masa albarka kamar wancan karon. Mai rawani kuwa ya ce na kashe masa kasuwa, dami ɗaya yanzu sai ya kai wata da watanni, ya kamata a kai ni ƙara.

Wata yamma Kaka na ba da labarin wani jami'in kan hanya da ya hau bayan kamiyo zai yi bincike, raƙumin da aka ɗauko ya kama hularsa ya tauna. Yana kwaikwayon yadda mutumin ke sara wa raƙumi yana roƙonsa, sai wata dariya ta kubce daga kan 'yar kujera, ƙatuwa, irin wadda ban taɓa sanin Baba na da ita ba. Ya yi maza ya rufe baki, ya sunkuyar da kai.

Kaka bai juya ba. Ya dube ni, ya ce, "Uwata, yau dariyarki ta yi kauri."

Na ce, "Mura nake yi, tsoho."

"Allah ya sawwaƙe. To ki matso da kujerarki, ba na son ɗaga murya."

Ni a tabarma nake zaune. Baba ya jawo kujerar.